Lalube da Akwatunan Panyu

Jiya na ji ɗayanku yana cewa wai buga akwatin kaya ai katako ne da ƙusa, kowa ma zai iya. To madalla, Allah ya ƙara basira. Ni ma haka na ce ranar da na fara, kuma akwatin farko da na buga, na wani injin markaɗe ne, bai kai bakin ƙofar sito ba. Muna ɗaga shi gindin ya yi zamansa a ƙasa da injin a kai, mu kuma muka miƙe da sauran a hannu. Ku da kuka zo kuka tarar da injin ɗaga kaya da waya a tafin hannu, ku gyara zama ku ji yadda aka yi aikin nan kafin shekara ta dubu biyu.

Lokacin babu wannan katafaren gini na Pazhou, babban baje kolin kayan da ake yi a nan ƙasar Sin can kusa da tashar jirgin ƙasa ake yin sa. Panyu kuwa, yankin nan da sitonmu yake, ba ta da jirgin ƙarƙashin ƙasa, bas za ka hau ka yi ta tsallake gada kana wuce gonakin ayaba. Hausawa a garin ba su taka kara sun karya ba. In ka ji wani ya ce "kai, wallahi" a titi sai ka juya da gudu ka riƙe masa hannu, ko daga Maraɗi yake ko daga Kumasi. Ni Alhaji Mamuda ne ya kawo ni, wani attajirin Kano mai sayen yadi da dardumar salla. Jakarsa nake riƙe masa daga Hong Kong, da zai koma sai ya ajiye ni a wani sito a Panyu, ya ce, "Habu, zauna nan ka zama idona a kan kayana." Mai siton wani tsohon Basine ne, Lao Wang, amma bakinmu bai iya ba, muka mai da shi Lawan, shi ma har ya saba yana amsawa.

Lawan bai taɓa zaunar da ni ya yi mini bayani ba. Turancinsa bai fi na ƙirga kwali ba, Sinancina kuma "nihao" ne da "meyo", wato sannu da babu. Da hannu ya koyar da ni. Zai ba ni tef ɗin awo, zarto, guduma da alli, ya koma gefe da kofin shayinsa. In na yi daidai ba zai tanka ba, in na yi kuskure sai ya zo ya sa ƙafa ya taka akwatin ya wargaje, ya koma wurin shayinsa. A haka na gane cewa kaya ake fara aunawa kafin a taɓa katako, kuma ba tsawo da faɗi kaɗai ake dubawa ba, sai ka san inda nauyin abu ya kwanta. Janareta nauyinsa a gefe ɗaya yake, keken ɗinki a ka, kwalin filas kuwa ba nauyi sai tsoro. Ƙusa a karkace ake buga ta don ta riƙe. Ba a jingina dilar yadi da bango, sai ka bar faɗin tafin hannu iska ta wuce. Ba a haɗa sabulu da yadi wuri ɗaya, in ba haka ba matan Kano za su sa atamfa mai ƙanshin wanki tun ba a wanke ta ba.

Wata ranar Talata aka aike ni unguwar Liwan in ɗauko kwalayen tocila. Lungunan can mota ba ta shiga, sai da kurar hannu, tawa kuma tana da wani wili mai kuka, ƙii, ƙii, ƙii, na sha yi masa alkawarin mai ban cika ba. Hanyar ta bi ta bayan wata kasuwa da ake sayar da dabbobi masu rai, daga kifi har abin da ba zan faɗa muku ba kuna cin abinci. Ina cikin tura kura sai na ji kamar ana bina. Na waiga, sai ga wani kwikwiyo ruwan ƙasa, haƙarƙarinsa duk a waje, idanun nan farare fat. Na tsaya, ya tsaya yana karkata kai. Na tura, ya biyo. Na ce, ikon Allah, wannan da me yake gani? Sai na ɗaga wilin na ja kurar a hankali yadda ba za ta yi kuka ba. Nan take ya rikice, ya juya ya bugi ƙafar wani tebur. Ina sauke wilin ya ce ƙii, sai ga shi a guje. Ashe kukan wilin yake bi.

Wata mata mai sayar da ganye ta nuna mini shi, ta nuna idonta, ta yi alamar amai, sannan ta nuna kwata. Na fahimta: mai shi ya ga ba zai sayu ba, ya jefar. Ku sani, ni ɗan Kano ne, tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa hannu a jikin kare ba, jifa kawai na sani. Ba kuma zan yi muku ƙaryar cewa tausayi ne ya fara kama ni ba, son ganin ƙwaƙwaf ne. So nake in ga iya inda zai bi ni. Ya bi ni har bakin babban titi, inda motoci ke wucewa kamar an koro su, kuma na san ina tsallakawa zai biyo kukan nan ya shiga ƙarƙashin bas. Na naɗe hannuna da buhu, na ɗauke shi na jefa a wani kwalin da ba komai, na ɗora a kan tocilolin mutane.

Lawan da ya leƙa kwalin sai da ya ajiye kofinsa don dariya. Ya ce, da guntun Turancinsa, "Kai ba ka cin alade, ba ka shan giya, ba ka taɓa kare. Yanzu ka sayo kare, kuma lalatacce?" Na ce ban saya ba, biyo ni ya yi. Ya ce to wannan ya fi muni. Na sa masa suna Lalube, don da hanci da kafaɗa yake laluben duniya. Matsalar ba idon ba ce ma. Duk abin da na zuba masa zai cinye kamar zai haɗa da kwanon, ya yi taku kaɗan, sai abincin ya dawo yadda ya shiga, ko narkewa bai yi ba. Ya sake ci, ya sake dawowa. Ga ci, ga rama, kullum ƙara ƙanjamewa yake.

Lawan ne ya raka ni wurin wata likitar dabbobi, yana yi mana tafinta rabi da baki rabi da hannu. Ta ba shi wani farin ruwa ya sha, ta ɗauki hoton ƙirjinsa, ta ɗaga a fitila ta nuna mini. Ido dai haka aka haife shi, ba magani, sai na ɗigawa safe da yamma don kada ya yi miki. Amma hanyar abincinsa, daga maƙogwaro zuwa ciki, ta saki, ta buɗe kamar tsohuwar safa, ba ta iya tura komai ƙasa. In ya ci a sunkuye yadda karnuka ke ci, abincin sai ya taru a nan ya dawo, wata rana kuma ya faɗa huhu ya kashe shi. Na ce to ina mafita? Ta ɗauki Lalube ta tsayar da shi a kan ƙafafun baya kamar mutum. Ta ce haka zai riƙa ci, abinci mai ruwa-ruwa, kuma bayan ya gama a riƙe shi a tsaye har abin ya gangara da kansa. Na ce zuwa yaushe? Ta ce har ya mutu. Lawan ya dube ni, na dubi silin.

Kwanakin farko a hannu nake riƙe shi, da buhu a cinyata, in gama in je in wanke hannu in sake riga kafin salla. Aiki ya tsaya, bayana ya ƙage. Wata safiya ina riƙe da shi ina kallon wani injin ban ruwa da muka ɗaure a tsaye cikin akwatinsa, sai na ce, kai Habu, wawan ina ne kai? Mene ne sana'arka in ba hana abu motsi ba? Na ɗauko tef na auna shi kamar yadda nake auna kayan Alhaji: daga gindi zuwa hammata, faɗin ƙirji, inda nauyinsa ya kwanta in ya zauna. Na buga wani siririn akwati mai buɗaɗɗen sama, na sa ƙofa a gaba da sakata, na kafa ɗan katako a gicciye inda zai ɗora hannuwa, da gurbin kwano daidai bakinsa. Na shimfiɗa tsumman yadi a ciki. Na farko ya yi faɗi, ya murɗa jiki ya kwanta. Na biyu ya matse shi ya yi ta ihu. Lawan ya zo ya zagaya na uku, ya ɗaga ƙafa kamar zai taka, sai ya fasa ya koma wurin shayinsa. Wannan ce shaidar kammala koyon aikina, ba ni da wata.

Kunun shinkafa irin na Sinawa nake dama masa, da kaza a murje, ba gishiri ba mai. Ya fara cika, gashi ya kwanta. Yana girma ina sake awo ina buga sabo, har ya kai in ya ji ƙarar cokali a kwano sai ya zo ya shiga da baya da kansa, ya ɗora hannuwa yana jira kamar alƙali. Direbobin manyan motoci har leƙowa suke yi su kalla.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda yake yawo a siton. Na sha ajiye guduma in zauna ina kallonsa kawai. Ba tsakiyar hanya yake bi ba, kafaɗarsa ta hagu yake gogawa a jikin kaya. Ya bi layin dilolin Alhaji Mamuda, inda suka ƙare ya karya kwana, ya bi kwalaye, ya sake karyawa, sai ga shi a wurin cin abinci. Na gwada shi iri-iri. Na toshe kukan kura, bai ɓata ba. Na zuba turare a hanya, ya yi atishawa ya wuce. Amma ranar da na matsar da dila ɗaya tak, sai ya bugi hanci ya zauna yana kuka. Daga nan na daina jibge kaya duk inda na samu sarari. Layi ya zama layi, in an fitar da dila sai in cike gurbinta, kuma ba a barin komai a kan hanya. Lawan ya ce shekara da shekaru yana faɗa wa ma'aikata haka ba su ji ba, sai da makaho ya zo.

Sai mugunyar shekarar ta shigo. Kuɗin ƙasashen nan ya rikice, naira ta yi sanyi, 'yan kasuwar da suka saba zuwa bazara da kaka suka ɗauke ƙafa. Ga wani danshi da ake yi a garin nan bayan sanyi, wanda bango ke zufa, ƙasa ta yi santsi, kwali ya yi laushi kamar burodin da aka tsoma a shayi. Muna kwana muna tashi da ɗaga kaya a kan katako da goge fumfuna. Siton ya koma kusan kashi uku cikin huɗu kayan Alhaji Mamuda ne. Lawan ma ya tsufa, ya sakar mini ragamar wurin, ya ce ribar da wahalar duk mu raba.

Alhaji ya sauka ba sanarwa. Ya yi sallama ya shigo da babbar rigarsa, ya same ni a tsugune da cokali, ga kare a tsaye cikin akwati yana lasar baki.

"Habu, mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, kare ne. Makaho ne, ba shi da lafiya."

"Na ga kare ne, ai ni ba makahon ba ne. A ina yake kwana?"

Na nuna masa. Lokacin fitowar Lalube ya yi, na zare sakata, ya sauko ya kama hanyarsa, kafaɗa a jikin dilolin dardumar salla, tun daga farkon layi har ƙarshe. Alhaji ya bi shi da ido yana salati.

Na ce, "Alhaji, kowace dila da leda a ciki, da buhu a waje. Kuma malamanmu na gida ai sun ce kare mai rai jikinsa ba najasa ba ne."

Ya ce, "Ni ba fatawa na zo nema ba, na fi ka sanin wannan. Kasuwa nake gaya maka. Mutum ɗaya ya shigo nan ya gani, ya koma Kano ya ce dardumar Mamuda da kare take kwana, shi ke nan an gama da ni. Wa zai tsaya ya tambayi leda? Goshinsu mutane ke ɗorawa a kai, Habu."

Wallahi gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta yi mini zafi. Ya ce ba zai koma gida ba sai an gama baje koli, kafin nan in san inda zan kai shi. In ba haka ba, ya kwashe kayansa. Ya ƙara da cewa, "Ni na kawo ka garin nan, kada ka sa in yi abin da ba na so."

Ban zauna ba. Na koma wurin likitar, ta ce ba ta da wurin ajiya, kuma ba wanda zai karɓi kare mai wannan hidima, abin da za ta iya kawai allura ce ya huta. Wani ɗan'uwan Lawan a ƙauye ya ce a kawo, amma da aka yi masa bayanin akwati da cokali sai ya yi dariya ya ce karensa a ƙasa yake ci. Ɗakin da nake haya kuwa mai gidan ko kyanwa ba ta yarda da ita. Na buga masa rumfa a bayan sito na ɗaure shi a can. Danshin nan ya shige shi, ga shi bai san wurin ba, ya ƙi kwanciya, ya yi ta zagaye igiya yana shaƙe kansa. Kafin mako ya zagayo ya fara wani tari mai kurman sauti, hanci na zuba. Likitar ta saurari ƙirjinsa ta yi masa allurai, ta dube ni ta ce in ya sake kwana a waje kada in wahalar da kaina in dawo da shi. Na mayar da shi ciki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tari Alhaji. Na durƙusa har ƙasa a gefen titi, Sinawa na wucewa suna kallo.

"Ranka ya daɗe, na nema ban samu ba. In na fitar da shi mutuwa zai yi."

"To, sai ya mutu mana. Kare ne fa, Habu."

"Haka ne. Amma ni na ɗauko shi, Alhaji. Da na bar shi a kwata da ba ruwana. Yanzu kuwa ya san ƙarar cokalina."

Ya girgiza kai. "Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ka san abin da kake yi kuwa? A wannan shekarar?"

Na ce na sani. Tsoro nake ji ƙwarai, don ban san abin da za mu ci ba ni da Lawan. Alhaji bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, ya ce Allah ya ba da sa'a. Mutumin kirki ne. Har ya bar zuwa Sin muna gaisawa, yana tambayata iyali, amma ko ƙyalle bai sake ba ni ajiya ba.

Ranar Litinin motoci suka zo. Ni da kaina na yi lodin, don ba zan bari wani ya lalata kayan da na yi wa hidima ba. Na rufe Lalube a ɗakin shayin Lawan har aka gama. Da la'asar siton ya zama fili, in ka yi tari sai ya amsa maka. Lokacin cin abincinsa ya yi, na dama kunu, na buɗe masa ƙofa, na koma can ƙarshe wurin akwatinsa na buga cokali.

Ya fito da saurinsa ya miƙa kafaɗa inda dilar farko take, bai ji komai ba, har ya kusa faɗuwa. Ya gyara ya ci gaba a hankali, ya kai daidai inda layin yake ƙarewa, ya karya kwana a tsakiyar fili, yana kauce wa kayan da tuni suka kama hanyar tashar jirgin ruwa. Daga nan ya rasa ta yi. Ƙarar cokalin tana dukan bango tana dawo masa ta ko'ina, ya juya dama, ya juya hagu, ya zauna a tsakiyar siminti ya ɗaga kai yana wani kuka da ban taɓa jin ya yi ba. Ni da na yi lodin arzikina da hannuna ban ji komai ba, wannan kukan ne ya sa ni hawaye.

Lawan ya leƙo daga ɗakin shayinsa. Ya ajiye kofi, ya tafi inda muke tara ragowar katako ya jawo zarto. Shatin dilolin yana nan a ƙasa, don inda kaya suka zauna ya fi sauran wurin bushewa, muka bi shi da alli. Na ɗauki Lalube na ba shi abincinsa, sannan muka kama aiki. Kwana biyu muna yanka muna bugawa, tsohon nan da ciwon bayansa, har muka jera akwatuna tun daga ƙofa zuwa ƙarshen layi, kowanne a tsayin kafaɗar kare, na goge gefensu kada sartse ya soke shi. Ba komai a cikinsu sai iska. Muka sake shi, ya shinshina na farko, ya jingina, ya bi layi tiryan-tiryan yana kaɗa jela.

A ƙa'idar aikinmu akwati ba ya kwana a sito ba shaida, dole a rubuta sunan mai shi a jiki, da garin da za a kai shi. Lawan ya miƙo mini gwangwanin fenti da buroshi, ya ce, "Na wa? Zuwa ina?" Na tsuguna gaban na farko na rubuta Lalube. A wurin sunan gari kuma na rubuta Panyu.